Masu Korar Tsuntsaye Daga Silin a Birnin Kebbi: Inda Aikinsu Ya Yi Kyau da Inda Zai Jawo wa Maigida Magana

Da zarar damina ta ɗauke, iska ta fara juyawa, koken da aka fi kai wa masu feshin gidaje a Birnin Kebbi shi ne na motsi a cikin silin. Wani gidan a Gesse yake, wani a Badariya, wani sabon gini ne can wajen Gwadangaji, amma maganar ɗaya ce. Da dare ana jin taku a saman kai, da asuba ana jin gurnani, ga farin zane yana gangarowa a bango daga ƙarƙashin kwano, in rana ta take kuma wari ya cika ɗaki. Mutanen da asalin sana'arsu kyankyasai da gara da kuɗin cizo ce, da yawansu sun ƙara korar tsuntsu da jemage a cikin abin da suke tallatawa. Wannan aikin muke dubawa, ba shagon wani mutum ɗaya ba, domin hanyar da suke bi kusan iri ɗaya ce.

Abin da maigida yake biya kashi uku ne, ko da an dunƙule masa shi a kuɗi ɗaya. Akwai zuba magani a cikin silin, akwai kwashe sheƙa da kashi, akwai toshe kafofin da tsuntsun yake bi. Na ukun shi ne aikin gaske, kuma duk wanda ya samu mai yi masa shi da kyau bai yi asarar kuɗinsa ba. Na biyun yana da amfani in an yi shi a kan lokaci. Na farkon kuwa, a ganinmu, bai kamata maigida ya yarda da shi ba ko da kyauta ne. Abin takaici, shi aka fi yi, saboda shi ya fi sauƙi: mutum ɗaya da tsani da kwalba, kafin a jima ya sauko.

Abin da suke zubawa ba ɓoyayye ba ne. Wasu fiya-fiya suke yayyafawa, wadda tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwa barkatai. Wasu gero ko shinkafa suke cuɗawa da maganin ɓera su watsa. Mafi muni su ne masu jefa ƙwayar nan ta adana hatsi da ake kira bom. Wannan ƙwaya in ta haɗu da danshin iska tana fitar da hayaƙi mai kisa wanda ido ba ya gani, kuma silin ba buhu ba ne da za a ɗaure bakinsa. Hayaƙin yana bin gefen fanka da ramin ƙwan lantarki da duk wata tsaga ya sauko inda yara suke kwance. Don rumbu da sito aka yi ta, ba don gidan da ake kwana a ciki ba, kuma duk mai feshin da ya ambace ta a sallame shi tun daga zaure. Ko an bar batun lafiyar iyali, maganin ba ya raba gida da tsuntsu. Wanda ya ci ya mutu a lungun da hannu ba ya kaiwa, bayan kwana uku ko huɗu wari ya tashi, tsutsa ta fara faɗowa ta bakin silin, sai an ɓalle allo kafin a gano gawar. Kafar tana nan a buɗe, wasu tsuntsayen suna tafe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba a gyara tsaga da guba.

Sai batun doka, wanda shi ne babban giɓin wannan sana'a. Da wuya ka ji mai feshi ya tambayi wane tsuntsu ne kafin ya faɗi kuɗi, alhali a kan wannan tambaya komai ya rataya. A Ingila, dokar 1981 ta haramta lalata sheƙar kowane tsuntsun daji matuƙar ana gina ta ko ana amfani da ita, ko a rufin gidanka take. A Amurka akwai dokar tsuntsaye masu ƙaura tun 1918. Namu tsarin daban ne, da jerin sunaye yake aiki. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohin Arewa suka gada, ta kasa dabbobi da tsuntsaye kashi-kashi, akwai waɗanda ba a taɓawa, akwai waɗanda sai da lasisi. Kebbi da aka cire daga Sakkwato a 1991 da Zamfara da ta biyo baya a 1996 duk a wannan gidan suka tashi. Sannan ga dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Jadawalinta na farko ya haramta farauta da kamawa da cinikin aku da tsuntsaye masu farauta irin su shaho da shirwa. Na biyu ya ce sai da lasisi, kuma a nan aka sa dangin balbela da zalɓe, da dangin shamuwa, da ungulu, da gauraka. Dokar ta kuma hana kama namun daji da guba ko abinci mai guba. A 2016 aka yi mata gyara, tarar da a da naira 1,000 ce ta koma ta miliyoyi. Ita kuwa mujiya, dukkan danginta suna cikin jerin yarjejeniyar CITES da ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, ke tabbatar da bin ta a Nijeriya.

Ma'anar wannan ga maigida ita ce, ba kowane tsuntsu da ya sauka a gidanka ne ya zama naka ba. Tattabarar gida da ta gudu ta tare a silin hukuncinta daban, shirwar da ta yi sheƙa a kan hasumiyar tankin ruwa hukuncinta daban. Kuma cewa ba kai ka hau tsani ba ba ta wanke ka, domin a dokar hukunta laifuka ta Arewa wanda ya sa a yi laifi yana da nasa kason. Akwai wani abu da ya kamata a sa wa ido sosai. Wasu ma'aikatan in sun samu mujiya ko 'ya'yan shaho ba sa kashewa a gabanka, buhu suke sa su, su ce za su saki a daji. Sau da yawa wurin masu sayar da kayan tsibbu buhun yake ƙarewa. Wannan cinikin ne ya taimaka wajen ƙarar da ungulun da a da ke cike da mahautanmu, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya. Kada tsuntsu mai rai ya bar gidanka a cikin buhun wani. In abin ya shige maka duhu, sashen gandun daji na Ma'aikatar Muhalli ta jiha shi ne wurin tambaya.

Kafin dokar gwamnati ma akwai wadda muka taso da ita. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta shawagi tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Mun kawo wannan ne saboda kuskuren da aka fi tafkawa a wannan aiki ke nan: a toshe kafa da rana alhali akwai 'ya'ya a ciki. Wanda ya taɓa jin abin da ke biyo baya ba ya mantawa. Da magariba uwar za ta dawo da abinci a baki, ta tarar da raga. Ta kama ragar da farce tana fizga, tana kuka, na ciki suna amsa mata. Haka za a kwana biyu ko uku, muryar cikin tana raguwa har ta ɗauke. Daga nan sai wari.

Don haka aikin kirki daga leƙe yake farawa, da tocila, kafin a yi maganar kuɗi. Alamomin ba su da wuyar ganewa. In an ga 'yan tsinkaye da aka tara sama-sama da ƙwai biyu farare, hasbiya ce ko tattabara. Kwancinsu kwana 15 zuwa 18 ne, 'ya'yan kuma su tashi cikin mako uku zuwa huɗu, wato haƙurin mako shida zuwa bakwai ya isa. Sai dai suna saurin sake yin ƙwai, don haka ranar da aka tabbatar sheƙar ta zama fanko, a ranar ko washegari za a toshe. In kuwa ba a ga sheƙa ba sam, sai wasu baƙaƙen dunƙule masu girman babban yatsa zube a kan allo, waɗanda in ka murje ɗaya da tsinke za ka ga gashi da 'yan ƙasusuwa da jajayen haƙoran ɓera, to farar mujiya ce, mai fuska kamar faifai. Aman abin da ba ta narkar ba ne. Hucin nan kamar na maciji da ke firgita mutanen gida da dare, har a fara zancen iska, kukan 'ya'yanta ne suna neman abinci.

Mujiya tana buƙatar dogon haƙuri. Takan yi ƙwai huɗu zuwa bakwai, ta kwanta a kansu kimanin kwana 30 zuwa 32, 'ya'yan kuma sai sun kai mako tara zuwa goma kafin su iya tashi sosai. Wani abu da ma'aikata ba sa lura da shi: ba rana ɗaya take zuba ƙwan ba, tsakanin ɗaya da ɗaya kwana biyu ne ko uku, kuma tun daga na farko take fara kwanci. Saboda haka babban yana iya fita yana tsalle a kan kwano alhali autan yana ciki da farin gashinsa. Ganin ɗaya ya tashi ba hujja ba ce ta toshewa. A ƙidaya su tun farko, a sake ƙidayawa.

A nan muna da magana da masu gida su kansu, ba masu feshi kaɗai ba. Ƙiyayyar da muke yi wa mujiya ba ta da tushe, kuma muna cutar kanmu da ita. Babbar mujiya ɗaya takan ci ɓeraye uku ko huɗu a dare guda, balle in tana ciyar da 'ya'ya. A gari irin namu da ke bakin fadama, inda kowane gida yake da buhunan shinkafa ko gero a ajiye, inda kuma ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wannan ma'aikaciya ce da ba a biya. Ba mu ce a zauna da ita a saman ɗakin kwana ba. Amma in 'ya'yanta sun tashi aka toshe silin, kowane kafinta zai iya haɗa mata akwati: ƙasansa kamar santimita 60 a kowane gefe, ƙofarsa santimita 13, kuma daga gindin ƙofar zuwa ƙasan akwatin a bar zurfin santimita 45 don kada 'ya'yan su faɗo kafin lokaci. A kafa shi a inuwa, sama da mita uku, a jikin bishiya ko bayan sito. Da masu wannan sana'a za su ƙara shi a cikin ayyukansu, da sun samu sabuwar hanyar kuɗi mai tsabta.

Yanzu ga inda suka cancanci yabo. Waɗanda ke tafiya da kafinta, ko su kansu suka iya kafinta, aikin toshewarsu yana da kyau ƙwarai. Sun san wuraren da maigida ba ya gani daga ƙasa: tsakanin katakon bakin rufi da bango, ramukan da tudu da kwarin kwano ke bari, bakin murfin tsakiya inda ɓangarorin rufi biyu suka haɗu, bulo mai huda na shan iska, ramin da mai sa na'urar sanyaya ɗaki ya fasa bai cike ba. A sababbin gidaje masu ɓoyayyen rufi sun san a duba kwatar sama, inda tsinkayen hasbiya ke toshe bakin indararo har ruwan farko ya taru ya zubo ta silin. A gidaje masu sola sun san cewa inuwar ƙarƙashin faifan ita ce tattabara ta fi so.

Bambancin mai kyau da mai ha'inci a ragar yake. Wadda ta dace ita ce ragar waya mai walda, wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, mai ido rabin inci. Tana hana gwara, tana hana manyan ɓeraye, iska kuma tana wucewa. Ragar kaji araha ce, amma tana lanƙwashewa, ta yi tsatsa, ta saki. Ragar sauro ƙurar hunturu ke toshe idonta, ga saurin yagewa. Masu cusa buhun siminti ko soso ko su shafe komai da kwaɓi sun fi kowa ɓarna, domin silin yana buƙatar numfashi. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, rufin da aka toshe ruf zai mai da ɗaki tanda. In wurin buɗaɗɗe ne babba, kamar sito ko rumfar injin casa, ragar zare ake shimfiɗawa: mai ido milimita 50 ta isa hana tattabara, amma ƙananan tsuntsaye sai mai milimita 19. A ja ta ta yi tsam, don sakakkiyar raga tarko ce, tsuntsu zai sarƙe ya mutu a rataye.

Lissafin kayan ba shi da wuya, kuma ya kamata maigida ya iya shi don kada a yi masa ƙari ko ragi. Ɗauki gida mai mita 12 da mita 15. Kewayensa mita 54 ne. In faɗin da za a rufe santimita 30 ne, naɗin raga mai faɗin santimita 90 zai ba da tsaga uku, wato mita 18 na naɗin, a ce 20 saboda kowane haɗi sai an ɗora santimita 5 a kan ɗan'uwansa. Kamun ya zama kowane santimita 15, sama da ƙasa, abin da zai ci sukurori ko ƙusa kimanin 720. Sukurori mai ɗan faifan ƙarfe a wuyansa ya fi ƙusa, don ƙusa tana saki in katako ya bushe ya tsuke. Wanda ya zo da ƙusa cikin tafin hannu ya ce za ta isa gida guda, ka san tazarar da zai bari. A ƙarƙashin sola kuwa ba a huda firam ɗin faifan, da maƙalai ake kama ragar.

Wajen shara ne yawancinsu suke da sakaci, kuma da lafiyarsu suke wasa. Za ka ga yaro ya shiga silin da tsintsiya da ƙyalle a hanci, yana share busasshen kashi, ƙura ta turnuƙe. Wannan ƙurar tana ɗauke da ƙwayoyin cutar huhu, kuma tana sauka cikin ɗakuna. Ƙa'ida ita ce a kashe wutar gidan duka, har da ta inbata, a sa takunkumi N95 da safar hannu da tabarau, a yayyafa ruwan omo sama-sama har kashin ya yi laushi ba tare da allon ya jiƙe ba, a kwashe da shebur ƙarami cikin leda biyu, sannan a goge wurin da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara. A taka katako, ba allon silin ba. In tsohon silin asbestos ne kada a fasa shi ko a goge shi a bushe. A yi aikin da sassafe, don bayan hantsi cikin rufi ba ya shiguwa. Abin da aka kwashe a binne shi nesa da kaji. In kuma aka tarar da tsuntsaye da yawa sun mutu lokaci ɗaya ba tare da an sa magani ba, kada a taɓa, a kira likitan dabbobi. Tun da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 ba ta daina dawowa ba.

A waje da silin, balbela ce ke kawo rigima. Da damina sukan tare a kan darbejiya ɗari-ɗari, kashinsu ya ƙone ganye, tsakar gida ta ƙi zaunuwa. Abin da masu aikin ke bayarwa shi ne a ƙona taya a gindin bishiyar ko a sare ta nan take, 'ya'ya su zubo ƙasa. Wannan zalunci ne, ga shi kuma balbela tana cikin jadawalin da muka ambata. Kwancinta kimanin kwana 23 ne, 'ya'yan kuma su kama gabansu cikin mako shida zuwa bakwai. A shimfiɗa tamfol ko a zuba yashi ana kwashewa, a jira su watse. Da rani sai a rage rassan tsakiya bishiyar ta yi shara-shara, in damina ta matso kuma aka ga na farko sun fara kawo tsinke, a kore su da ƙara safe da yamma tun kafin su yi ƙwai. Kafin a sare bishiya ɗungum a tambayi ma'aikatan gandun daji. Shamuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Tun kaka da kakanni ba a taɓa sheƙarta, da ruwa take zuwa, da kaka take tafiya. Tsattsewar da ta manna sheƙa a ƙarƙashin baranda kuwa sauro da ƙwari take ci, kashinta kaɗai ne damuwa, kuma allo mai faɗin santimita 30 da aka kafa kamar rabin mita a ƙasan sheƙar ya magance shi.

Wanda zai ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata, tambayoyi kaɗan za su nuna masa ko wane ne. “Malam, ka hau ka leƙa? Wane tsuntsu ne? Akwai ƙwai ko 'ya'ya?” In ya ce, “Alhaji, ai duk ɗaya ne, magani zai yi maganinsu,” a nemi wani. In ya sauko da hoto a wayarsa ya ce a dakata mako huɗu, wannan shi ne mutuminka, ko da kuɗinsa ya fi. A sa ya rubuta kuɗin raga daban, na sukurori daban, na shara daban, na hannu daban, a kuma rubuta cewa babu magani a ciki.

Ranar toshewa kada a rufe duka. A rufe ko'ina a bar babbar kafar da suka fi bi, a cusa mata takardar jarida sako-sako. In an kwana uku takardar tana nan yadda aka sa ta, kuma wanda ya tsaya a tsakar gida daga magariba zuwa isha bai ji motsi ko huci ba, sai a sake leƙawa da tocila sannan a kafa ragar ƙarshe. In an tarar an ture takardar, akwai mai rai a ciki, a sake ƙidaya kwana uku daga farko. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin hannu ya zauna wurin maigida har sai an yi mako biyu shiru, kuma a yi alkawari da shi tun yanzu cewa bayan guguwar farko ta damina zai dawo ya bi bakin kwanon da tsani, don a nan ne raga ke fara ɗagawa.